Bari-In-Gama Mai Walda

A layin masu ƙarfe, can bayan tashar mota, babu wanda ya san shi da wani suna sai Bari-In-Gama. Matarsa ce ta fara kiransa haka cikin zolaya, maƙwabtan shago suka ji suka ɗauka, har ya zama in baƙo ya zo neman mai walda sai a nuna masa rumfar kwano ta ƙarshe a ce, "Je can wurin Bari-In-Gama. In kana da sa'a zai ɗago kai ya dube ka."

Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Hannayensa duk tabon tartsatsi, wandon aikinsa ya huhhuje kamar rariya. Aikinsa kuwa ba a kushe shi. In ya haɗa ƙofa, sai ginin ya rushe ya bar ta a tsaye. Wannan ne ya sa aiki bai taɓa yanke masa ba: ƙofofi, tagogi, gadaje, ƙafafun tankin ruwa, duk jingine a bangon rumfar suna jiran layi, masu su kuma suna zarya.

Ba a ce shi ba mai bi ba ne. Uwarsa gwauruwa ce da ta rene shi a bencin gaba na coci, mace mai tashi tun da asuba ta durƙusa a gefen gado tana ambaton 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji. Yana saurayi har ƙungiyar mawaƙa ya shiga, muryarsa mai kauri ita ke riƙe ƙasan waƙa. Can ya haɗu da matarsa. Bai taɓa cewa babu Allah ba, bai kuma taɓa yin faɗa da ikilisiya ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Allah mai haƙuri ne. Mai ƙofa kuwa ba shi da haƙuri."

Suna haya a ɗaki biyu da ɗan baranda, a bene na farko na wani tsohon gida kusa da makarantar firamare. 'Ya'ya biyu Allah ya ba su, mata. Babbar ta yi aure da wuri ta bi mijinta wani gari mai nisa, aka bar Auta. Kowace safiya matar takan tara su a falo a yi addu'a kafin kowa ya fita. Shi kuwa a tsaye yake tasa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, idonsa na kan ƙwan fitila. Wutar lantarki a garin ba ta da amana, in ta zo sai mai walda ya bi ta a guje. Da ƙwan ya kama, sai ya ce "Amin" da ƙarfi, ko da matar tana tsakiyar roƙo.

"Maigida, ban kai amin ba tukuna."

"Ajiye nawa a wurinki, in kin kai ki haɗa."

Auta ta yi ta dariya, uwar ma wani lokaci takan murmusa. A lokacin abin wasa ne.

Ranar Lahadi ce wuta ta fi zama a layinsu, saboda manyan masana'antu na hutu. Da farko yakan je sujada ya zauna a baya, ya sulale kafin wa'azi. Daga baya ya koma zuwa sau ɗaya a wata, sannan sai in ana bikin aure ko jana'iza. Da ikilisiya ta faɗaɗa gininta, shi ya haɗa tagogin duka kyauta, ya kai su da kansa ya kafa. A ransa yana ganin ya yi abin da ya isa ya rufe bakin kowa.

Wata rana Fasto ya biyo ta layin. Dattijo ne mai sanyin murya. Ya tsaya a bakin rumfa yana kare fuska da tafin hannu har hasken walda ya lafa.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa. Na zo in gaya maka tagoginka ba sa fashin sujada. Mai su ne muke ta cigiya."

Bari-In-Gama ya yi dariya, ya goge kujera da gefen rigarsa. "Fasto, ai ina nan tafe. Bari in gama wannan kwangilar, za ku gaji da ganina."

"Wadda ka ce mini bara fa?"

"Ita ce ta haifo wannan."

Fasto bai yi masa wa'azi ba. Ya dubi gilashin kare ido da ke rataye a ƙusa ya yi ƙura, ya ce, "To, in ba ka da lokacin Allah, ka samu lokacin idonka mana. Me wancan yake yi a bango?"

"Yana rage mini sauri. In na sa, sai na ɗaga na duba, na sauke, na ɗaga. Ni na saba, lumshe ido kawai nake yi."

Haka ya yi shekaru yana lumshewa. Idanun kullum jajur, suna ruwa, da safe kamar an zuba masa yashi a ciki. Matar ta matsa har ya je asibiti sau ɗaya. Likita ya haska, ya ce hasken ya riga ya ci na hagu sosai, ya huta, kuma kada ya sake taɓa ƙarfe babu kariya. Ya karɓi maganin ɗigawa, ya yi godiya, daga asibitin ya zarce rumfa, don an kawo wuta.

Abin ya same shi ne lokacin da ya karɓi aikin ƙarfen baranda na wani dogon bene. Daga baya wasu a coci sun riƙa cewa ai ranar Lahadi ce, don labarin ya fi daɗin ba da misali. Ba Lahadi ba ce. Ranar aiki ce kamar kowacce, da hantsi. Yana gurza bakin ƙarfe da inji, wani ɗan tsinke ya fallatsa ya shige idonsa na dama, mai lafiyar. Ya wanke da ruwan buta, ya ɗaure da ƙyalle, ya ci gaba, don mai benen ya ce zai zo da mota da yamma. Washegari ido ya kumbura. Matar ta ce su tafi asibiti, ya ce saura fenti. Sai da ya kai ga ba ya iya tsayawa don azaba, sannan aka ɗora shi a mota. A lokacin idon ya riga ya ruɓe, sai cire shi aka yi. Na hagun da ya rage, inuwa kawai yake nuna masa: yakan gane inda taga take, yakan gane mutum ya gitta, amma ba fuska, ba rubutu.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, in ji masu layi, amma ba a gabansa suka faɗa ba. Maƙwabcinsa ya sayi injin, wani ya karɓi rumfar. Matar, wadda ɗinki take ɗan taɓawa a gida, ta nemi aiki a wani gidan wanki da guga da ke yi wa otal-otal zannuwan gado. Auta ta bar karatu ta shiga shagon magani tana sayarwa. Da sassafe su fita, sai magariba su dawo. Shi kaɗai a gida.

Da ya dawo daga asibiti ya gaya wa kansa, to, Allah ya zaunar da ni, yanzu ga lokaci. Safiyar farko bayan sun fita ya lallaba ya durƙusa a gefen gado kamar yadda uwarsa take yi. Ya fara da godiya. Bai yi nisa ba sai ya tsinci kansa yana auna faɗin ƙofar ɗakin a ka, yana lissafin irin ƙarfen da zai dace da ita. Ya dawo da hankalinsa, ya sake farawa. Sai ga fuskar maƙwabcin da ya sayi injinsa, yana tunanin ko yana kula da wayar. Gwiwa ta fara ciwo. Ya tashi ya kunna rediyo.

Haka kwanakin suka yi ta wucewa. Rana ta yi masa tsawo kamar ba za ta faɗi ba, amma addu'a ta ƙi zama a bakinsa. Barci, rediyo, barci. 'Yan'uwa daga coci sukan zo dubiya, wasu da alheri, wasu da magana. Wata mata ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ka gode wa Allah, ido ya ɗauka don ya ceci ranka." Ya ce mata ya gode, da ta fita ya yi jifa da kofin da ke hannunsa.

A kusurwar titinsu akwai wata mashaya, rumfa ce da benci biyu, inda marasa aiki suke wuni. Bai taɓa shan giya ba a rayuwarsa, ba don tsarki ba, lokacin ne bai samu ba. Wani maƙwabci mai gadi da aka sallama daga aiki ya fara jan hannunsa zuwa can, wai ya sha iska. A can ana dariya, ana kiransa da sunan layi, ana tambayarsa labarin ƙarfe. Kwalba ɗaya ta zama biyu. Yakan dawo kafin matan gidan, ya tauna wani abu don wari, ya kwanta. Matar ta gane tun farko, don hanci ba ya makancewa, amma ta zuba masa ido.

Wata rana da tsakar rana ya taso daga mashayar shi kaɗai, bango ya kuɓuce wa hannunsa, ya auka cikin kwata. Ya yi ta laluben bakinta ya kasa fita. Yaran makaranta da aka tasa suka taru a kansa, wasu na dariya. Mai shagon ƙasan benensu ne ya ciro shi, ya aika a kira matar.

Ta zo da rigar aiki a jikinta. Ta kama hannunsa. Ta haurar da shi bene, ta zaunar da shi a banɗaki, ta tuɓe masa kayan, ta riƙa zuba ruwa tana cuɗa shi kamar yaro. Yana jin hannayenta, sun yi kaushi, fatar yatsun ta tsattsage don sabulu. Ya fara magana, wai ita ba ta san abin da yake ji ba, Allah ya yashe shi, ya raba shi da sana'arsa.

Ta ajiye kofin wankan.

"Maigida, shekara da shekaru kana gaya mini aiki ne ya hana ka. Na yarda. Na ce wa yara babanku aiki ne ya yi masa yawa. To ga shi aikin ya tafi. Yanzu wa ya hana ka?"

Ta ci gaba da cewa:

"Ni a tsaye nake wuni a kan teburin guga. Ko zaman cin abinci sai an ga dama. Amma tsakanin zani da zani ina kiran sunansa, don in ban kira ba zan zagi wani. Kai kana da rana guda cur, ka kai ta kwata."

Ta tsane shi da tawul, ta sa masa riga, ta koma wurin aiki, don mai gidan wankin ya ce in ba ta dawo ba kada ta zo gobe.

Ya zauna a bakin gado har yamma. Abin da ya fi yi masa ciwo ba faɗuwar ba ce, gane da ya yi ne cewa ba wuta ko masu ƙofa suka raba shi da Allah ba. Shi ne bai taɓa koyon zama a gabansa ba. Ya koyi riƙe sandar walda tun hannunsa na rawa har ya daina, amma wannan bai taɓa ba shi ko rabin wannan haƙurin ba.

Washegari ya tare Auta tana ɗaura agogo.

"Auta, karanta mini aya ɗaya kafin ki fita. Ɗaya tak, gajera. Kan babanki ba ya ɗaukar biyu."

Ta ɗauko Littafi Mai Tsarki na uwarta ta karanta, ya maimaita, ta gyara masa, ya sake. Da ita ya wuni, yana juya ta a baki. Tun da ba ya ganin agogo, sai ya ɗaura addu'arsa a kan abin da kunne ke ji. In ƙofa ta rufu bayan matan sun fita, ya durƙusa. In ƙararrawar makaranta ta kaɗa ta tara, ya durƙusa. In aka tashi yara, ya sake. Ya yi wa kansa doka ba zai taɓa rediyo ba sai ya yi ta farkon, ba zai ci abincin rana ba sai ya yi ta biyun. Tsakaninsu ya koyi shara da lalube, ya koyi wanke-wanke, ya fasa faranti ba ɗaya ba, ya ƙona tukunya har maƙwabta suka shigo a guje.

Ba a ce daga ranar ya miƙe sak ba. Sau biyu ya koma mashaya, na biyun har ya kwana biyu ba ya iya haɗa fuska da matarsa. Akwai safiyar da yakan durƙusa ya ji kamar da bango yake magana. Amma yakan zauna har ya gama abin da ya ɗauka, ko da baki ne kawai ke motsi. Ranar Lahadi Auta takan riƙe hannunsa su tafi coci, kuma hanyar ta gaban mashayar take bi. In suka kira shi, yakan ɗaga hannu ya ce, "Ku gaida benci," ya wuce.

Ana haka sai jikin matar ya fara gazawa. Ƙafafunta suka riƙa kumbura, kai na sara mata. Gidan wankin ya ƙara karɓar aiki, aka ce kowa sai ya riƙa zuwa har Lahadi, don a ƙarshen mako otal suka fi sauya zannuwa. Ita da ta riƙe addu'ar gidan shekaru, ta koma in an fara sai ta yi gyangyaɗi. Wata safiya ya ce su sunkuyar da kai, ta ce, "Yi kawai, na makara," tana neman takalmi. Ya buɗe baki zai yi magana ya rufe. Da wane baki? Abincin da zai ci ranar take fita nema.

Sai ya sauya dabara. Ya riƙa riga ta tashi, ya ɗora mata ruwan wanka, ya tsaya a bakin ƙofa yana addu'a da ƙarfi yayin da take shiri, don ta ji ko da ba ta tsaya ba. Da yamma ya ɗora ƙafafunta a cinyarsa yana matsawa da hannayen nan masu tabo.

Wata yamma ta ce, "Yau ko Allah ba na son ji. Na gaji da shi ma."

"To, gaya masa haka," in ji shi. "Ni na sha gaya masa abin da ya fi wannan. Bai kore ni ba."

Ta yi 'yar dariya, sannan ta yi kuka, sannan ta faɗa, da bakinta, shi kuma ya ce amin a inda ya kamata.

Ya roƙe ta ta je asibiti. Auta ta auna ta a shago ta ce jininta ya hau sosai, ta kawo mata magani. Tana sha in ta tuna. Hutu kuwa babu hali. A kan teburin guga ta yanke jiki ta faɗi, wata rana da azahar, dutsen gugar ya ƙona mata hannu kafin a janye ta. Ta yi 'yan kwanaki a asibiti ba magana. Yana zaune a gefenta riƙe da hannun da bai ƙone ba, yana maimaita mata ayoyin da ya tara. Ko tana ji, babu wanda ya sani. A can ta rasu.

Bayan jana'iza babbar 'yar ta koma garinsu, masu gaisuwa suka watse. Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Auta ta kawo abinci ta mayar, ta kawo ta mayar. A ransa yana ce wa Allah, ita da ta riƙe ka ka ɗauke, ni da na sake ka ka bari. Bai samu amsa ba, kuma har ya mutu bai ce ya samu ba. Amma da aka koma makaranta ƙararrawa ta kaɗa, sai jikinsa ya zame daga gado da kansa. Ya durƙusa. Ya ce, "Ga ni. Ba ni da abin cewa." Ya zauna haka har gwiwa ta yi tsami, ya tashi ya ci abincin da ya huce.

Da Auta ta yi aure, ita da mijinta, wani direban motar kaya mai kirki da ba ya yawan magana, suka ɗauke shi zuwa gidansu a wata unguwa. Aka ba shi ɗan ɗaki kusa da kicin. Gida ne na mutane masu sauri: miji yana hanya, Auta tana shago, jariri yana wurin raino. Bai taɓa yi musu gori ko wa'azi ba. In surukin zai yi tafiya, yakan ce, "Zo nan, ɗana," ya dafa kansa ya yi masa addu'a gajera, don ya san mota na jira. Wani lokaci sukan tsaya, wani lokaci sai ya ji ƙofa ta rufu.

Fasto, wanda shi ma ya tsufa har yana dogara sanda, ya zo duba shi sau ɗaya a can. Ya tambaye shi ko yanzu ya samu salama.

"Wasu ranaku, Fasto. Sauran kuwa zuwa kawai nake yi. Amma ban fasa ba."

Ciwon ƙirji ne ya kama shi a wata damina. Likita ya ce hayaƙin ƙarfen da ya shaƙa shekaru ya riga ya cinye huhun. Ya yi ta tari har ya daina iya durƙusawa, sai a jingina shi da matashi ya yi tasa a zaune. Auta ce ta same shi wata safiya da ta kawo masa ruwan zafi, ya riga ya cika.

An binne shi kusa da matarsa. Ranar aiki ce, ana kuma yayyafi, don haka mutane ba su yi yawa ba. Daga layin masu ƙarfe mutum biyu suka zo, suka taimaka aka sauke akwatin, suka yi wa Auta gaisuwa, suka nemi mota suka koma.